Bakin Kogin Tejo da Tsuntsayensa Masu Ƙaura: Tambayoyi da Amsoshi

A gabashin Lisbon, babban birnin Fotugal, akwai wani shimfiɗaɗɗen dausayi da yawancin masu yawon buɗe ido ba sa waiwaya. Tsuntsaye kuwa sun san shi tun daga Saiberiya har Gine-Bisau. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi game da wurin, da abin da ya sa ake tashi tsaye a kare shi.

Ina ne wannan wuri, kuma me ake nufi da bakin kogi?

Kogin Tejo, wanda mutanen Sifaniya ke kira Tajo, shi ne kogi mafi tsawo a yankin Iberiya, inda Sifaniya da Fotugal suke. Yana tasowa daga duwatsun Albarracín a gabashin Sifaniya, ya ratsa birnin Toledo, ya shiga Fotugal, ya yi tafiyar kilomita 1,007 kafin ya faɗa Tekun Atalantika a Lisbon. Gab da ya kai teku sai ya buɗe, ya zama wani makeken ruwa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 320. Tsakiyarsa mai faɗi ita ce 'yan ƙasar ke kira Mar da Palha. A nan ruwan daɗi na kogi yake gauraya da ruwan gishiri na teku, kuma wannan magama ita ce bakin kogi.

Teku ne ke mulkin wurin. Sau biyu a kowace rana ruwa yana cikowa ya shiga can ciki, sau biyu yana janyewa. Lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa, bambancin tsakanin cikar ruwa da janyewarsa yakan kai kusan mita 4. Da yake yawancin wurin ba shi da zurfi, idan ruwa ya janye sai kusan kashi 40 cikin 100 na bakin kogin ya fito fili: taɓo baƙi-baƙi mai sheƙi, da 'yan hanyoyin ruwa suna murɗawa a cikinsa.

Taɓo ne fa kawai. Me tsuntsu zai samu a ciki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin raina taɓo shi ne ya jawo aka cike bakin koguna da yawa a duniya aka yi gini a kai. Kogi yana kawo laka da ruɓaɓɓen ganye daga tudu, teku yana juya su, su kwanta. A saman lakar akwai wata siririyar gansakuka da ido ba ya rarrabewa, sai dai ya ga taɓon ya ɗan yi ruwan zinariya idan rana ta haska shi. Ita ce tushen abincin kowa. Ƙananan dodon koɗi da ba su kai ƙwayar shinkafa ba suna kiwo a kanta, dubbai a faɗin taku ɗaya. Ƙarƙashinsu akwai tsutsotsin laka masu gina rami, da halittu masu ɓawo biyu da ke binne kansu su miƙo ɗan siririn bututu sama suna zuƙar abinci, da ƙaguwa, da jatan lande a cikin kududdufai.

Kowane tsuntsu da irin bakin da aka hore masa domin wannan akushi. Danlin, ɗan ƙaramin tsuntsu mai launin toka, yana tafe yana caccakar saman laka da sauri ba ya ɗaga kai. Fulobar toka takan tsaya cik ta zuba manyan idanunta, ta ruga taku biyar ko shida, ta fizgo tsutsa, ta sake tsayawa. Limosa mai dogon baki tana nutsa shi har gindi, kuma ƙarshen bakin nata yana jin motsin abin da ke ƙasa ko da ba ta gan shi ba. Abosit, wanda shi ne tambarin gandun da aka kafa don kare wurin, fari ne da baƙi, ƙafafunsa shuɗi-shuɗi, bakinsa siriri ya lanƙwashe sama. Yakan shiga ruwa iya gwiwa ya sunkuya, ya riƙa share laka mai ruwa-ruwa da baki dama da hagu, duk abin da ya taɓa ya haɗiye. In suka jeru su ɗari suna wannan sharar tare, kai ɗaya ƙafa ɗaya, abin kallo ne da mutum ba ya gajiya da shi. Saboda wannan bambancin baki ne jinsuna da yawa suke ci a fili ɗaya ba tare da sun ƙwace abincin juna ba.

Yaushe aka kare wurin, kuma wane ɓangare ne aka kare?

Gwamnatin Fotugal ta kafa gandun a watan Yuli na 1976, da faɗin hekta sama da 14,000, a yankunan ƙananan hukumomin Alcochete da Benavente da Vila Franca de Xira. Ya haɗa da filayen taɓo, da fadamun ciyayi masu jure gishiri, da tsibiran laka na tsakiyar kogi kamar Póvoa da Alhandra da Lombo do Tejo, da wani yanki na filayen noma. A 1980 aka sa shi cikin jerin Ramsar. Daga baya, a 1994, aka zana wani yanki mafi faɗi, kusan hekta 45,000, a ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai ta kare tsuntsaye. Hukumar ICNF, mai kula da gandun daji da muhalli a ƙasar, ita ke riƙe da wurin.

A lura da lissafin: gandun na 1976 bai kai rabin bakin kogin ba. Tsuntsu kuma ba ya karanta taswira.

Mene ne Ramsar ɗin nan?

Yarjejeniya ce ta ƙasa da ƙasa kan dausayi, wadda aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971, ta fara aiki a 1975. Daga cikin ma'aunanta na tsuntsaye akwai biyu: wuri ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye a kai a kai, ko kuma ya ɗauki kashi 1 cikin 100 na dukkan al'ummar wani jinsi. Tejo ya haye duka biyun da tazara. Sai dai Ramsar ba ta da 'yan sanda ba ta da kotu. Alkawari ne ƙasa take ɗauka a gaban sauran ƙasashe. Abin da ke da haƙori a nan shi ne dokar Fotugal da ta Tarayyar Turai, domin da su ake iya kai gwamnati gaban alƙali.

Waɗanne tsuntsaye ne ke zuwa, kuma daga ina?

A lokutan da suka fi yawa, tsuntsayen ruwa a bakin Tejo sukan kai 120,000. Kashi uku ne. Akwai masu zuwa su yi hunturu gaba ɗaya, daga wajen Oktoba zuwa Maris: danlin, fulobar toka, wani tsuntsu mai jan ƙafa, abosit, agwagin ruwa iri-iri, da dinyar Turai. Akwai masu ya da zango kawai, su ci su huta su wuce, a Agusta da Satumba in za su kudu, a Afirilu da Mayu in za su koma arewa. Sannan akwai masu zuwa su yi sheƙa a nan lokacin zafi, kamar jan zalɓe da ke ɓuya cikin dogayen ciyayin ruwa, da wani tsuntsu fari da baƙi mai dogayen jajayen ƙafafu da ke ƙwai a bakin tafkunan gishiri.

Hanyar da suke bi ita ce ta gabashin Atalantika. Kanta na arewa yana can ƙasashen ƙanƙara: arewacin Kanada, Girinlan, Aisilan, Sikandinebiya, da Saiberiya har yankin Taimir. Daga nan sai su gangaro ta Tekun Wadden da ke gaɓar Holan da Jamus da Denmak, su bi gaɓar Faransa, su sauka a Tejo. Masu ci gaba sukan nufi Banc d'Arguin a Muritaniya, inda tsuntsayen bakin ruwa kusan miliyan 2 ke yin hunturu, da bakin kogin Senegal, da tsibiran Bijagós na Gine-Bisau. Wasu har Namibiya da Afirka ta Kudu.

Me ya sa ake yawan ambaton limosa in ana maganar Tejo?

Domin labarinta ya nuna yadda wuri ɗaya yake ɗaure ƙasashe da yawa. Limosa mai baƙar wutsiya iri biyu ce ke haɗuwa a nan. Ɗaya tana ƙyanƙyasa a Aisilan, ta zo ta yi hunturu, yawanci tana kiwo a taɓo da tafkunan gishiri. Ɗayar tana ƙyanƙyasa a makiyayan shanu na Holan da maƙwabtanta, ta tafi gonakin shinkafa na Senegal da Gine-Bisau, sannan a Janairu da Fabrairu ta juyo arewa ta sauka a gonakin shinkafar da ke kewaye da Tejo da kogin Sorraia. Manoma sun riga sun girbe, sun bar ruwa a gona, taraktoci sun dagula kara da laka. Shinkafar da ta zube ita ce limosa take tsinta, dubun dubatarsu, har su yi ƙibar da za ta kai su Holan su yi ƙwai.

Mutanen Holan sun zaɓe ta a matsayin tsuntsun ƙasarsu a 2015, a daidai lokacin da yawanta ke ta raguwa saboda noman zamani: ana tsotse ruwan makiyaya, ana yanke ciyawa da wuri da injina alhali 'yan tsaki suna ciki. Suna kashe kuɗi mai yawa su biya manoma su jinkirta yanka. To amma duk wannan wahala za ta tashi a banza in babu gonar shinkafa mai ruwa a Fotugal a watan Fabrairu. Manomin Vila Franca de Xira da ya yanke shawarar busar da gonarsa da wuri, ko ya koma shuka masara, ya taɓa sheƙar da ke nesa da shi da kilomita kusan 2,000, bai sani ba.

Ta yaya ɗan tsuntsu yake iya irin wannan doguwar tafiya?

Da kitse. Makonni kafin tashi yakan ci ba ƙaƙƙautawa, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa. Tsokar ƙirji tana ƙaruwa, kuma a wasu jinsunan hanji da ƙundu suna tsukewa gab da tafiya, tunda ba za a yi aiki da su a sama ba. Kitsen nan shi ne guzurinsa, kuma babu inda zai ƙara sai zango na gaba. Yawancin tsuntsayen bakin ruwa ba sa iya sauka a kan teku su huta. Wani tsuntsu mai lanƙwasasshen baki da ke ƙyanƙyasa a Aisilan yakan tashi kai tsaye zuwa Afirka ta Yamma cikin kwana 4 zuwa 5 bai taɓa ƙasa ba. A wata hanyar dabam, a Oktoban 2022, an bi sawun wata limosa mai wutsiya rodi-rodi 'yar wata 5 da haihuwa, ta tashi daga Alaska ta sauka a Tasmaniya bayan kwana 11, tafiyar kilomita 13,560.

Hanya kuwa suna gane ta da rana, da taurari, da maganaɗisun ƙasa, da siffar gaɓar teku. A jinsuna da yawa iyaye ne ke fara tafiya, 'ya'yan su biyo baya su kaɗai bayan makonni.

Idan ruwa ya ciko ya rufe taɓon, ina suke zuwa?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Tsuntsun taɓo ba ya iyo kamar agwagwa. Sau biyu a rana teku yana korarsa daga wurin cinsa na awanni, dole ya sami inda zai tsaya: fili buɗaɗɗe, busasshe ko mai ɗan ruwa iya idon sawu, babu dogayen ciyayi da za su ɓoye shaho ko yanyawa, babu mutane da karnuka, kuma kusa da taɓon. A Tejo, tsofaffin tafkunan gishiri ne suka daɗe suna wannan aikin. Shekaru aru-aru mutanen Alcochete da kewaye suna haƙa faffaɗan tafkuna marasa zurfi, su shigo da ruwan teku ta ƙofofin ruwa, rana ta ƙone shi su kwashe gishiri. Masu gishirin ba don tsuntsu suka yi ba, amma sun gina masa masauki da ya fi kowane kyau.

Wanda ya tsaya a kan jingar irin wannan tafki awa biyu kafin cikar ruwa zai ga yadda abin ke tafiya. Ruwan yana rarrafowa a kan laka a hankali, tsuntsaye suna ja da baya suna ci har taku na ƙarshe. Masu gajerun ƙafafu ne ke fara tashi. Garken danlin ya ɗaga sama ya juya gaba ɗaya, in sun ba ka baya su yi duhu, in sun ba ka ciki su yi fari fat, sannan su zubo cikin tafkin. Masu jan ƙafa su biyo da kukansu mai kaifi, limosa da abosit su zo a ƙarshe domin su ƙafarsu na da tsawo. Kowa ya fuskanci iska, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya cusa baki cikin gashin baya. Haka za su zauna har ruwa ya fara janyewa.

Sana'ar gishiri ta mutu a yawancin wuraren tun da firij ya rage buƙatar gishirin adana kifi, gishirin masana'antu mai araha kuma ya cika kasuwa. Tafkin da aka watsar yana lalacewa ta hanya biyu: ko jinga ta karye teku ya cika shi, ko ya bushe ciyawa ta rufe shi. Wasu an zurfafa su an mai da su wurin kiwon kifi, wasu an cike an yi gini. Wani bincike da masana na Fotugal suka wallafa a 2011 ya nuna cewa danlin da fulobar toka da mai jan ƙafa sun ragu sosai a Tejo cikin shekaru kusan 30, kuma ya danganta raguwar da asarar wuraren hutawa. Abincin yana nan a cikin laka, wurin jiran ruwa ne ya yi ƙaranci. Tsuntsun da zai yi tafiyar kilomita da yawa sau huɗu a rana tsakanin abinci da masauki yana ƙone kitsen da ya kamata ya tara. A ganina duk wanda ke son ya auna ko ana kare bakin kogi da gaske, ya je ya duba ƙofofin ruwan tsofaffin tafkunan nan, ya ga ko akwai mai buɗe su da rufe su a kan lokaci.

In wuri ya lalace, ba sai su koma wani ba?

Haka mutane da yawa suke zato, kuma an gwada an ga sakamakon. A Koriya ta Kudu, a 2006, aka rufe bakin koguna biyu a Saemangeum da katangar teku mai tsawon kilomita 33. A lokacin, wurin yana cikin manyan zangon tsuntsaye na Tekun Rawaya. Masu ƙidaya sun bi sauran bakin kogunan ƙasar don su ga ko tsuntsayen sun koma can. Kaɗan ne suka bayyana. Dubun dubata sun ɓace, aka kuma ga gibinsu har a Ostireliya inda suke zuwa bayan ƙyanƙyasa.

Dalilin a fili yake. Kowane taɓo yana da iyakar bakin da zai iya ciyarwa, kuma wuraren masu kyau sun riga sun cika. Ga shi tsuntsayen nan suna da riƙon wuri: limosa ɗaya takan dawo kusurwa ɗaya ta bakin kogi ɗaya shekara bayan shekara, wasunsu sama da shekara 20.

Me ya faru da maganar gada da filin jirgin sama?

Gadar Vasco da Gama, mai tsawon sama da kilomita 17 in an haɗa da hanyoyin hawanta, an buɗe ta a Maris na 1998. Ƙarshenta na kudu ya bi ta kan tafkunan gishirin Samouco. Masu kare muhalli sun yi ta ƙorafi, Tarayyar Turai da ta sa kuɗi a aikin ta gindaya sharuɗɗa, aka ware tafkunan, kimanin hekta 360, aka kafa gidauniya ta kula da su. Yau Samouco yana cikin manyan masaukan tsuntsaye a bakin kogin, har ana ɗan yin gishiri ta hanyar gargajiya. Sai dai gadar ta kawo gidaje da manyan kantuna gefen kudu wanda dā ƙauye ne, kuma wannan babu diyyar da ta biya shi.

Filin jirgin ya fi tayar da ƙura. An shirya mai da sansanin sojan sama na Montijo, wanda ke kan wani ɗan tsiri a cikin bakin kogin, ya zama filin jirgin fasinja na biyu ga Lisbon. Hukumar muhalli ta amince da sharuɗɗa a Janairun 2020. Masana suka nuna cewa jiragen za su riƙa tashi da sauka ƙasa-ƙasa a kan wuraren ci da hutawa, ƙarar za ta riƙa tayar da garkuna, ga haɗarin karo da manyan tsuntsaye. Ƙungiyar SPEA mai nazarin tsuntsaye a Fotugal da abokan aikinta suka garzaya kotu, dubban mutanen Holan kuma suka sa hannu a takardar koke saboda limosarsu. A Maris na 2021 hukumar sufurin jiragen sama ta ƙi duba buƙatar, domin wasu ƙananan hukumomin da abin ya shafa ba su yarda ba. A Mayun 2024 gwamnatin Firaminista Luís Montenegro ta zaɓi filin gwajin harbi na Alcochete, can ciki nesa da gaɓa. Ya fi Montijo sauƙi ga tsuntsayen taɓo, amma bai yi nisa da gonakin shinkafar Sorraia ba, kuma ana maganar sabuwar gada da layin dogo da za su biyo shi. Magana ba ta ƙare ba.

Ruwan yana da tsabta? Mutane suna cin abinci daga cikinsa?

Ya fi dā. Shekaru da dama masana'antun sinadarai na garin Barreiro da na ƙarfe na garin Seixal da wuraren gyaran jiragen ruwa sun zuba dattinsu a ciki, ga ƙazantar birni mai mutum kusan miliyan 3. A shekarun 1970 wata halitta mai ɓawo da ake kamawa da yawa ana sayarwa har Faransa ta ƙare ƙaf a Tejo, cuta da gurɓata suka haɗu a kanta. Yanzu yawancin masana'antun sun rufe, an gina wuraren tace ruwan birni, amma ƙarafa masu guba suna nan kwance cikin laka a wasu sassan.

Bakin kogin wurin renon kifi ne: ƙananan kifayen teku suna girma a ruwansa mai ɗumi kafin su fita, wasu kuma suna ratsawa su hau kogi su yi ƙwai. Matsalar da ta fi zafi a yau ita ce wata halitta mai ɓawo biyu 'yar asalin gabashin Asiya da ta yaɗu a wurin. Tana da kasuwa, don haka in ruwa ya janye sai ɗaruruwan mutane su shiga taɓo suna tono, da yawansu ba su da lasisi, da yawansu baƙi ne talakawa da dillalai ke ci da guminsu. Suna tono ne a daidai awannin da tsuntsaye ke da su na ci. Abin tausayi ne ta kowane gefe, kuma kora kaɗai ba za ta magance shi ba muddin masu saye suna nan.

Madatsun ruwa da hauhawar teku fa?

An datse Tejo a wurare da yawa, mafi girma ita ce madatsar Alcántara a Sifaniya, kuma tun 1979 ana karkatar da wani kaso na ruwan samansa zuwa kogin Segura don noman rani a kudu maso gabashin ƙasar. Yarjejeniyar Albufeira ta 1998 ta ƙayyade mafi ƙarancin ruwan da Sifaniya za ta riƙa sakar wa Fotugal. In ruwan daɗi ya yi kaɗan, gishiri yana hawa can sama har ya kai inda manoman shinkafa ke ɗibar ruwa. Madatsa kuma tana riƙe lakar da taɓo ke buƙata don ya riƙa tashi.

Teku yana hawa. A dā, in haka ta faru, fadamar gishiri takan matsa ciki a hankali. Yanzu bayanta jinga ce da gona da titi, babu wurin matsawa, sai ta tsuke tsakanin ruwa da bango.

Filamingo, tsuntsu mai dogon wuya da jan jiki, shi ma mai ƙaura ne?

Masu ƙaura ne, amma daga kusa. Yawancinsu daga wuraren ƙyanƙyasa na yammacin Bahar Rum suke, kamar Camargue a Faransa da Fuente de Piedra a Sifaniya, kuma yanzu ana ganinsu a Tejo kusan duk shekara, dubbai. Jan jikinsu daga abincinsu yake, musamman wasu ƙananan jatan lande na tafkin gishiri. Shi ya sa 'ya'yansu suke fari da toka. Manoman shinkafa ba sa murna da su in sun sauka a gonar da aka shuka, domin suna tattake iri su dagula ruwa.

Ta yaya ake sanin yawansu da inda suka fito?

Ana ƙirga su lokacin cikar ruwa, sa'ad da suka taru a masauki, mutane da yawa a wurare dabam-dabam a lokaci ɗaya don kada a ƙirga garke sau biyu. Mai ƙidaya yakan ƙirga goma ko hamsin, ya riƙe girman wannan gungu a ido, ya riƙa auna sauran garken da shi. Kowane Janairu ana yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, kuma yawancin masu yinta 'yan sa kai ne.

Asalinsu kuwa zobe ne ke faɗa. Ana sa wa tsuntsu zoben ƙarfe mai lamba, da wasu zobba masu launi a jere a ƙafafu, ta yadda za a gane shi daga nesa ba sai an sake kama shi ba. Wanda ya ga limosa mai zobba ya rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu sannan ta dama, da rana da wuri, ya aika wa masu aikin. Sukan mayar masa da tarihin tsuntsun: inda aka sa masa zoben yana ɗan tsako, da duk inda aka taɓa ganinsa. Yanzu akwai na'urorin bin sawu masu aiki da hasken rana da ake ɗaura wa manyan a baya.

Mai son ya je kallo, yaushe zai je, kuma me zai kiyaye?

Don yawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Don ganin jinsuna iri-iri da kyawun gashi, Afirilu da farkon Mayu, lokacin da limosa ta yi ja kamar jar ƙasa, cikin fulobar toka ya yi baƙi wuluk. Amma awa ta fi wata muhimmanci. A duba jadawalin cikar teku na Lisbon, a isa awa biyu kafin ruwa ya cika. Wanda ya je lokacin da ruwa ya janye sarai zai ga ɗige-ɗige ne kawai can nesa. Wuraren da suka fi sauƙin zuwa su ne gaɓar Alcochete, da tafkunan Samouco, da cibiyar EVOA da aka buɗe a 2012 a filayen kamfanin gwamnati na Companhia das Lezírias kusa da Vila Franca de Xira, inda aka haƙa tafkunan ruwan daɗi uku aka gina rumfunan leƙe. Wasu sassan gandun, kamar Pancas, ba a shiga sai da izini.

A riƙe madubin hangen nesa, a tsaya a kan hanya, kare ya kasance a ɗaure, kada a tashi jirgi marar matuƙi a kan garke. Alamar cewa mutum ya matso da yawa ita ce tsuntsaye su daina ci ko barci, su miƙe wuya duka suna kallonsa. Daga nan sai a ja da baya kafin su tashi, domin kowane tashi na tsoro kitse ne ya ƙone. Daga Afirilu zuwa Yuli akwai ƙwai a ƙasa a kan jingar tafkunan gishiri, launinsu ɗaya da tsakuwa, don haka ba a taka jingar da ba a buɗe wa baƙi ba. Tsuntsun da aka gani matacce ko yana layi kada a taɓa shi da hannu, saboda murar tsuntsaye ta H5N1 da ta kashe tsuntsayen teku masu yawa a Turai tun 2021. A sanar da ma'aikatan gandun, a faɗa musu wurin da lambar zoben in ana iya karanta ta daga nesa.